Gajiyar da Barci Ba Ya Maganinta

'Ya'yana, gajiya iri biyu ce, kuma da yawanku ba sa rarrabe su sai an makara. Ta farko kowa ya san ta. Manomi ya wuni yana huɗa, ya dawo gaɓoɓinsa suna ciwo, ya ci tuwo ya kwanta, da asuba ya tashi garau. Ta biyu ita ce wadda mutum zai kwana yana barci ya farka kamar bai runtsa ba. Ranar Lahadi da la'asar ƙirjinsa ya fara nauyi don ya tuna gobe Litinin, wayarsa ta yi ƙara gabansa ya faɗi tun bai ga mai kira ba. Malamin makarantar da a shekararsa ta farko ya san sunan kowane yaro a aji, yau sai ya shiga ya cika allo da rubutu ya koma gefe yana duba agogo. Ma'aikaciyar jinyar da a da take tsayawa ta lallashi mai naƙuda, yau tsawa take daka mata, in ta koma gida kuma ta zauna tana tuhumar kanta yadda aka yi ta zama haka. A kan wannan gajiya ta biyu nake so mu yi magana, domin kuskuren da nake ganin kuna maimaitawa shi ne ku ɗora wa kanku laifinta gaba ɗaya. Ɗaya ya ce shi rago ne, ɗaya ta ce imaninta ne ya yi rauni, wani kuma ya ɗauke ta abin alfahari, yana ba da labarin ya kwana uku bai je gida ba. Alhali mafi yawan wannan galabaita a cikin tsarin aikin ake haifar ta, a ofishin da ake raba aiki, ake tsara jadawali, ake yanke albashi, ake zaɓen wanda za a ƙara wa girma.

Wannan magana ba ta ra'ayi ce kawai ba. Tun a 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya lura da abin da ke faruwa ga 'yan sa-kai da ke aiki a wani asibitin kyauta na masu shaye-shaye. Sukan zo da zafin nama da tausayi, bayan shekara guda sai a ga sun zama masu saurin fushi, ba sa barci, ba sa son ganin mutanen da suka zo taimakawa. Bayansa Christina Maslach ta Jami'ar Kalifoniya ta shafe shekaru tana nazarin lamarin, ita da abokiyar aikinta Susan Jackson suka fitar da ma'aunin gwada shi a 1981, wanda har yau da shi ake amfani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta na rarraba cututtuka, ta ba shi alamomi uku: ƙarfin mutum ya ƙare, zuciyarsa ta yi nisa da aikin har ya fara ƙyamarsa, sannan ƙwarewarsa ta ragu. Abin da ya fi muhimmanci a gare ku shi ne inda hukumar ta ajiye shi. Ba ta lissafa shi cikin cututtukan jiki ko na ƙwaƙwalwa ba. Ta ce abu ne da ya shafi sana'a, wanda ke tasowa daga matsin aiki mai daɗewa da aka kasa shawo kansa. Wato tun a ma'anarsa an nuna wurin aiki da yatsa.

Kada ku ɗauka yawan aiki ne kaɗai ke kawo shi, ko da yake shi ne kan gaba. Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter sun nuna cewa mutum yakan jure aiki mai yawa in yana da ta cewa a kan yadda zai yi shi, in ana ganin ƙoƙarinsa, in abokan aikinsa suna riƙe da juna, in ana adalci, in kuma abin da ake sa shi yi bai saɓa wa abin da zuciyarsa ta yarda da shi ba. Idan aka zare waɗannan, ko aikin bai kai ya kawo ba sai ya zama dutse a ka. Batun samun ta cewa ya fi ba ni mamaki, domin ya saɓa wa abin da muka saba ji. Mun saba cewa manya ne ke fama da hawan jini saboda nauyin da ke kansu. Amma binciken da Michael Marmot ya jagoranta a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya sama da 10,000 a Landan, wanda aka fara a 1985, ya nuna akasin haka. Na ƙasa ne suka fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma waɗanda ba su da iko a kan aikinsu haɗarinsu ya kusa ninka na masu iko. Duk cikinsu babu mai kwana da yunwa, duk suna da albashi da asibitin gwamnati. Bambancin shi ne wani yana yanke shawara, wani kuma kullum shawara ake yanke masa, a ce masa yi, gobe a ce wa ya ce ka yi.

Haka rashin adalci yake cin mutum. Ku duba matashin da banki ya ɗauka ta hannun kamfanin kwantiragi. Tufarsa ɗaya da ta ma'aikacin dindindin, teburinsu ɗaya, amma albashinsa bai kai rabin na wancan ba, babu ƙarin girma, babu tabbacin gobe. An ɗora masa adadin kuɗin ajiya da zai kawo kafin ƙarshen wata, yana bin kasuwa rumfa rumfa cikin rana yana roƙon 'yan kasuwa su buɗe asusu, ranar Litinin kuma a kira mitin a karanta sunansa gaban jama'a cikin waɗanda suka gaza. In ya cika adadin, sai a ƙara masa wani, a rubuta nasarar da sunan manaja. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin wannan matashi in ya wayi gari ba ya son ganin ƙofar ofis, wane mai hankali ne zai ce matsalar daga halinsa take?

Misalin da ya fi fito da abin fili yana asibiti. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania a Amurka, da ma'aikatan jinya sama da 10,000. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya, yiwuwar ta galabaita tana ƙaruwa da kashi 23 cikin ɗari, yiwuwar majinyacin da aka yi wa tiyata ya mutu cikin kwana talatin kuma tana ƙaruwa da kashi 7. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Ba halin ma'aikatan aka auna ba, ba tarbiyyarsu ba, adadin gadajen da aka ɗora wa kowace aka ƙirga, kuma wannan adadi hukumar asibiti ce ke yanke shi. Yanzu ku kawo hankalinku gida, inda ministan lafiya Muhammad Ali Pate da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Nijeriya cikin 'yan shekarun nan. Duk likitan da ya tafi, majinyatansa ba su bi shi ba, an raba su ne ga waɗanda suka rage. Sai ka sami nas ɗaya cikin dare da ɗaki cike da gadaje, wuta ta ɗauke tana haska jijiya da fitilar waya, ga ruwan wani ya ƙare, ga 'yan uwan wani suna kiranta, wadda za ta karɓe ta da safe kuma ba ta zo ba don babu ita a jadawali. Idan mutum goma suka sha ruwan rijiya ɗaya takwas suka kwana da ciwon ciki, ba cikunansu ake zargi ba, rijiyar ake leƙawa. Wurin aikin da kowa ke shiga da ƙwazo yana fita da ƙunci, wurin ake bincika.

Na san abin da wasu manyanku za su ce, domin suna faɗa da kyakkyawar niyya: wuya ba ta kisa, mu ma haka muka sha, 'ya'yan zamani ne ba su da juriya. Akwai gaskiya a ciki. Babu sana'ar da ake ƙwarewa a kanta ba tare da wahala ba, kuma matashin da ke gudun duk wani gumi ba zai je ko'ina ba. Amma wahalar koyo tana da ƙarshe, tana kuma barin mutum da abin hannu. Wadda muke magana a kai ba ta da ranar ƙarewa, kuma tana kisa, an ƙirga gawarwakin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu sanadiyyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da ke da nasaba da yin aikin awa 55 ko fiye a mako. Mai yin irin waɗannan awanni haɗarin shanyewar jikinsa ya fi na mai yin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. A Japan, ƙasar da babu wanda zai zargi mutanenta da ragwanci, wata matashiya mai shekara 24, Matsuri Takahashi, ta kammala Jami'ar Tokiyo ta kama aiki a babban kamfanin talla na Dentsu a watan Afrilun 2015. Kafin shekarar ta ƙare ta kashe kanta, bayan ta yi awannin ƙari sama da 100 cikin wata guda. Hukumar ƙwadago ta ƙasar ta yanke cewa aiki ne sanadi, shugaban kamfanin ya sauka, kotu ta ci kamfanin tarar yen 500,000, kuɗin da bai kai cikin cokalinsa ba. Sai a 2018 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta sa wa awannin ƙari iyaka. Duk lokacin da aka ce muku wuya ba ta kisa, ku tuna cewa masu faɗin haka su ne waɗanda suka rayu.

Wani zai ce, to ai ofis ɗaya muke, oga ɗaya, me ya sa wane yake lafiya ni nake rugujewa? Ashe ba ni ne mai rauni ba? Lalle mutane sun bambanta. Wani yana da gidan da ke tallafa masa, wani yana dawowa ya tarar da mahaifiya a kwance da kuɗin makarantar ƙanne. 'Yata, ke da za ki tashi daga ofis ki shiga kicin, ki yi wa yara wanka, ki duba aikin gidansu, awanninki sun ninka na abokin aikinki namiji ko da takarda ta ce ɗaya kuke. Amma ku lura da wanda ke fara faɗuwa. Tun a lura ta farko da Freudenberger ya yi, masu sadaukarwa ne, waɗanda ba sa iya cewa a'a, waɗanda aikin ya dame su. Wanda ya zo da niyyar sa hannu a rajista ya tafi harkarsa, ba abin da zai ƙone a cikinsa. Don haka galabaitar mutum sau da yawa shaida ce ta cewa ya ba da fiye da abin da aka mayar masa. Wanda kuke gani lafiya kuma, ku bincika, ta yiwu ya daɗe da janye zuciyarsa daga aikin, wadda ita ce alama ta biyu da aka ambata.

Akwai ma inda ba sakaci ba ne, da gangan ake yi. Kamfanin sadarwa na France Télécom, wanda yanzu ake kira Orange, ya tsara rage ma'aikata 22,000 cikin shekara uku daga 2006. Da yawansu suna da matsayin ma'aikatan gwamnati, doka ba ta yarda a kore su ba, sai shugabannin suka zaɓi su sa zaman ya gagare su: a yi ta canza wa mutum gari, a ɗauke ƙwararren injiniya a zaunar da shi yana amsa waya, a bar wani babu aikin yi. Ma'aikata 35 suka kashe kansu a 2008 da 2009. A watan Disambar 2019 kotu a Faris ta sami tsohon shugaban kamfanin, Didier Lombard, da wasu manyan jami'ai da laifin cin zarafin ma'aikata ta hanyar tsarin gudanarwa, ta kuma ci kamfanin tara. Muhimmancin hukuncin shi ne kotu ta yarda cewa manufa da aka tsara a saman bene tana iya zama makamin cutarwa, ko da wanda ya tsara ta bai taɓa haɗuwa da wanda ta cutar ba. Ban kawo wannan don ku riƙa kallon kowane shugaba a matsayin azzalumi ba. Yawancinsu ba mugaye ba ne, su ma ana matsa musu daga sama, wasu kuma ba a taɓa koya musu shugabanci ba, ƙwarewa a wani aiki ce ta kai su kujerar. Amma rashin mugun nufi ba ya rage nauyin da ke kan mai ɗauka.

Yanzu wasu ma'aikatu sun gane akwai matsala, sai dai ku dubi maganin da suke kawowa. A tara ma'aikata ranar Asabar, ranar da ya kamata su huta, a kawo mai lacca ya koya musu yadda ake jan numfashi da tsara lokaci da kyautata zato, a raba ruwan roba da riga mai tambarin kamfani, ranar Litinin kowa ya koma kan aikin mutum uku. A 2024 wani mai bincike a Jami'ar Oxford, William Fleming, ya duba bayanan ma'aikata sama da 46,000 a Birtaniya, ya tarar cewa waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye, na koyon juriya da natsuwa da manhajojin waya, ba su fi waɗanda ba su shiga ba lafiyar zuciya. Binciken da aka tattara a kan likitoci kuma ya nuna gyaran da ya taɓa tsarin aiki, kamar jadawali da yawan majinyata, ya fi wanda ya tsaya kan likitan shi kaɗai tasiri. An bar jaki ana dukan taiki. Ɓarnar irin wannan lacca ba ta tsaya ga rashin amfani ba, tana ƙara wa ma'aikaci wani nauyi, domin in ya ci gaba da galabaita bayan an koya masa numfashi, sai ya ce lalle shi ne bai iya ba.

Mai kamfani ma yana da hujjarsa, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Zai ce dizal ya yi tsada, haraji ya yi yawa, in na ɗauki ƙarin mutum biyu sai na rufe. Sau da yawa gaskiya yake faɗi. Amma lissafin da ke cewa ƙarin awa ƙarin riba ne ya daɗe da karyewa. Masanin tattalin arziki John Pencavel na Jami'ar Stanford ya koma kan bayanan masana'antun harsashi na Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ake neman kowane harsashi ruwa a jallo. Ya ga cewa har zuwa wajen awa 49 a mako abin da ake samarwa yana tafiya daidai da awanni, daga nan sai ya fara ja da baya, har ya zama mai yin awa 70 bai fi mai yin awa 56 da wani abin kirki ba. Awa goma sha huɗu na banza, sai kuskure da haɗari. A 2022 kamfanoni 61 a Birtaniya, masu ma'aikata kimanin 2,900, suka gwada aikin kwana huɗu a mako ba tare da rage albashi ba. Bayan wata shida kashi 71 cikin ɗari na ma'aikatan suka ce galabaitarsu ta ragu, kamfanoni 56 kuma suka ci gaba da tsarin. Kamfanonin su suka kawo kansu, kuma ba kowace sana'a ce za ta ɗauki wannan ba, asibitin da ke da likita ɗaya ba zai rufe ranar Juma'a ba. Amma abubuwa da yawa da ke cinye ma'aikaci ba su da alaƙa da kuɗi. Ba a sayen adalci wajen raba aiki, ba a sayen fayyace wa mutum abin da ake so ya yi, ba a sayen barin wulaƙanta shi gaban na ƙasa da shi.

Hujja mafi nauyi ita ce wadda ku da kanku za ku kawo: aiki ya yi wuya, dubbai suna yawo da takardu, da babu gara ba daɗi. Ba zan ce muku ku ajiye aiki don ranku ya ɓaci ba, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ke ciyar da gida ba ya yanke shawara cikin fushi. Abin da nake ja muku kunne a kai shi ne kada a yi amfani da haƙuri a rufe muku baki. Haƙuri ibada ne a kan abin da ba ka da ikon canzawa. Jadawalin aiki kuwa mutum ne ya rubuta shi da biro, mutum kuma zai iya gyara shi. Addinin da ya koya mana haƙuri shi ne ya koya mana cewa jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, iyali ma suna da nasu, shi ne kuma ya hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, ya ce in an ɗora a taya shi. Wanda ke tuna muku falalar haƙuri kullum bai taɓa tuna wa kansa haƙƙin ma'aikaci ba, rabin karatun ya ɗauka.

Saboda haka, ɗana, tun kafin ka karɓi aiki ka buɗe ido. Ranar intabiyu ba kai kaɗai ake dubawa ba, kai ma kana duba su. Ka tambaya cikin ladabi me ya sa kujerar ta zama babu kowa, mutum nawa suka zauna a kanta cikin shekara biyu. Ka lura da fuskokin waɗanda ka tarar, ka nemi wanda ya taɓa aiki a wurin ka ji daga bakinsa ƙarfe nawa ake tashi a zahiri. Ka karanta takardar kama aiki kafin ka sa hannu, musamman inda aka yi maganar awanni da hutu da sallama. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashi bayan wata goma sha biyu, da hutun kwana ɗaya cikin kowane bakwai, da hutun awa guda in aikin ranar ya kai awa shida. Wannan kaɗan ne, kuma dokar ba ta haɗa da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, su abin da ke cikin takardarsu ne kariyarsu, shi ya sa karanta ta ya zama dole. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta amince da matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya haddasa a cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, in likitan da aka amince da shi ya tabbatar. Da yawa ba su san da wannan ba, har cikin masu ɗaukar aikin.

In kuma kana ciki, ka koyi magana da lissafi maimakon ƙorafi. Idan oga ya ƙara maka aiki na huɗu alhali uku suna hannunka, kada ka ce ba zan iya ba, kada kuma ka ce to ka tafi kana cizon yatsa. Ka ce, ranka ya daɗe, ga ukun da ke hannuna da ranar da ake jiran kowanne, wanne zan jinkirta? Ka mayar masa da zaɓin, domin nasa ne. Ka riƙa rubuta awannin da kake yi da ayyukan da aka ba ka, takarda ba ta mantuwa ranar da aka zo tuhuma. Ka karɓi hutunka na shekara, kada ka bari a saye shi da 'yan kuɗi ko a yi ta ɗaga shi. Ka kula da wayar nan da ta sa ofis ya biyo mutane har kan gado: in ka saba amsa saƙon WhatsApp na aiki ƙarfe sha ɗaya na dare, ka koya wa kowa cewa daren naka nasu ne. Faransa sai da ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2017, ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata hamsin ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin kashe waya bayan tashi, abin da ke nuna cewa mutum ɗaya ba ya iya wannan yaƙin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya je shi kaɗai ya ce aiki ya yi yawa, sai a ce masa rago. In mutum takwas suka je tare da takarda ɗaya, magana ta koma kan jadawali. Kada ku raina ƙungiyar ƙwadago don kun ga wasu shugabanninta sun ba da kunya. Awa takwas a rana da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya a yarjejeniyarta ta farko a 1919 ba kyauta aka ba ma'aikata ba, shekaru suka yi suna fafutuka.

Akwai kason da yake naku, ba zan ɓoye muku ba. Jiki magayi ne, yakan yi magana tun da wuri: ciwon kai da ba ya tafiya, gyambon ciki, mantuwa, faɗa da matarka a kan abin da bai kai ya kawo ba, sallar da kake yi ba ka san me ka karanta ba. Mafi munin amsa ita ce a toshe bakin jikin da lemon ƙara kuzari da tiramadol da safe, da ƙwayar barci da dare. Wannan hanya ta hallaka matasa da yawa, daga leburori har masu ɗaure wuya. Ka je a auna jininka. In baƙin cikin ya bi ka har ranar hutu, abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwar ba ta da amfani, to abin ya wuce gajiyar aiki, ka ga likita ba tare da jin kunya ba, ka kuma faɗa wa wani naka. Kada ka yanke zumunci da abokai saboda aiki, domin wanda ba shi da kowa sai ofis, ranar da ofis ya juya masa baya ba shi da wurin zuwa. In ka yi magana, ka kawo lissafi, kun je tare, shekara ta zagayo babu abin da ya motsa, to ka fara neman wani wuri a hankali tun kana da sauran ƙarfin nema.

Kuma shekarun nan da kuke gani masu gudu ne. Ba da daɗewa ba wasunku za su zama shugaban sashe, hedimasta, babbar nas, mai shago da yara biyar a ƙarƙashinsa. A ranar za ku ji sha'awar cewa ni ma haka na sha, kuma a nan ne abin ke samun gadon da yake wucewa daga tsara zuwa tsara. Lokacin biron yana hannunku. In ma'aikaciya ta uku ta ajiye aiki daga kujera ɗaya, ku binciki kujerar kafin ku ɗauki ta huɗu. In za ku ƙara wa mutum aiki, ku faɗa masa wanda kuka sauke masa. Ku san wanda ya yi aikin dare sau uku a jere, da wanda shekara biyu bai je hutu ba, ku tura shi ko bai nema ba, domin mai ƙwazo ba ya nema. Saƙon da ya zo muku a rai ƙarfe goma na dare, in ba rai ne ke cikin haɗari ba, ku rubuta ku ajiye, ku aika da safe.